Rigimar Kwikwiya da Ƙawancen Kwantiragi: Abin da Attajiran Matan Talabijin na Amurka Suke Faɗa a Kansa

A farkon shekarar 2019 tashar Bravo ta Amurka ta fara nuna zango na tara na shirin The Real Housewives of Beverly Hills, shirin da ake bin wasu attajiran mata da kyamara ana ɗaukar rayuwarsu ta yau da kullum, kuma abin da ya cinye zangon kusan gaba ɗayansa shi ne batun wata 'yar kwikwiya mai suna Lucy Lucy Apple Juice. Dorit Kemsley ce ta karɓo ta daga gidauniyar kula da karnuka ta ƙawarta Lisa Vanderpump, daga baya ta ce kwikwiyar ta ciji 'ya'yanta da mijinta, don haka ta miƙa ta ga wata mata, ba a jima ba kuma kwikwiyar ta tsinci kanta a gidan da ake tara dabbobin da aka yasar. Da a ce maganar ta tsaya nan, da kiran waya ɗaya ya kashe ta. Sai labarin ya ɓulla a shafin tsegumi na Radar Online, daga nan kowa ya manta da kwikwiyar, tambaya ta koma kan wadda ta kai wa 'yan jarida. Sauran matan suka zargi Vanderpump, ita kuma ta rantse ba ita ba ce, har ta je aka ɗaura mata na'urar gano ƙarya a gaban kyamara. Kyle Richards, wadda suka shafe shekaru suna ƙawance na ƙut-da-ƙut, ta je har gidanta, gidan da ake kiwon ƙananan dawakai da fararen tsuntsayen ruwa a harabarsa, ta gaya mata cewa ita ma tana ganin biri ya yi kama da mutum. Mijin Vanderpump, Ken Todd, ya sallame ta daga gidan da tsawa. Vanderpump ba ta halarci zaman ƙarshen zangon ba, wato zaman da ake tara matan su tattauna abin da ya faru, ta bar shirin bayan zango tara, ƙawancen nan kuma bai sake komawa yadda yake ba.

Wanda bai saba da irin waɗannan shirye-shirye ba zai iya ɗauka cewa matan nan hutu ne ya yi musu yawa, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Rigimar tana da tsari, tana da kalanda, tana da masu cin riba, kuma wanda ya fahimci tsarin zai gane dalilin da ya sa mata masu gidaje na miliyoyin daloli suke iya yafe wa juna zagi da jifa da kofin gilashi, amma ba sa yafe wa wadda ta fitar da labari waje.

Shirin ya fara ne a watan Maris na 2006 da The Real Housewives of Orange County, inda aka bi wasu mata da kyamara a unguwar Coto de Caza ta jihar Kalifoniya, unguwar da ke kewaye da katanga da masu gadi. Da aka ga ya karɓu sai aka yi ta buɗe rassa: New York da Atlanta a 2008, New Jersey a 2009, Beverly Hills a 2010, Miami a 2011, Potomac da Dallas a 2016, Salt Lake City a 2020. Daga baya aka sayar da tsarin zuwa ƙasashen waje, har ya iso Najeriya, inda Showmax ta fara na Legas a 2022 da su Iyabo Ojo da Toyin Lawani da Laura Ikeji, sannan na Abuja a 2023. Kayan haɗin ba su da yawa: mata shida ko bakwai, kuɗi ko alamar kuɗi, liyafa bayan liyafa, da tafiya guda zuwa wata ƙasa inda za a sauke su a gida ɗaya, a bar su su yi jayayya a kan wadda za ta kwana a babban ɗaki.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne cewa waɗannan matan abokan aiki ne waɗanda aikinsu shi ne su zama ƙawaye. Wasu sun san juna tun kafin shirin, wasu ma 'yan uwa ne na jini, kamar Kyle da Kim Richards, amma da yawa masu shirya shirin ne suka haɗa su, aka ce wa masu kallo wance ƙawar wance ce ta kawo ta cikin rukuni. Ba a rubuta musu abin da za su faɗa, sai dai kamfani ne yake yanke wanda za a sabunta wa kwantiragi, kuma kowace ta san cewa macen da ta yi zango guda tana zaman lafiya da kowa, tana gaishe da kowa, tana tashi da wuri daga liyafa, ita ce za a fara sallama. Akwai ma matakin wulakanci na tsaka-tsaki, inda ake sauke mace daga cikakkiyar tauraruwa zuwa matsayin ƙawar taurari, a cire hotonta daga buɗewar shirin, inda matan Beverly Hills suke riƙe lu'ulu'u, na New York tuffa, na Orange County lemo. Hakan ya faru da Luann de Lesseps a New York a 2014, ya kuma faru da Vicki Gunvalson ta Orange County a 2019, duk da cewa da ita aka kafa shirin tun ranar farko. A 2023 kuwa Bravo ta dawo da shirin New York da sababbin fuskoki gaba ɗaya, ba ta bar ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba. Mace mai hankali da ta ga wannan ba ta buƙatar furodusa ya raɗa mata cewa lokacin tayar da magana a teburin cin abinci ya yi.

Abu na biyu shi ne jinkirin da ke tsakanin ɗauka da nunawa, kuma a ganina nan ne asirin sana'ar yake. Ana ɗaukar zango cikin 'yan watanni, a sa kowace mace ta zauna ita kaɗai cikin ado a gaban kyamara ta yi sharhi a kan abin da ya faru, sannan a tace, a nuna bayan wasu watannin. Ma'ana kowace rigima sau uku take rayuwa. Tana faruwa a wurin liyafa, a yi kuka, a rungumi juna, a ce ya wuce. Bayan rabin shekara sai a nuna ta, wadda ta yafe ta zauna a falonta ta ji da kunnenta abin da ƙawarta ta faɗa a bayan idonta, da irin harar da ta yi lokacin da ta juya baya, ga kuma dubban masu kallo a Instagram suna zuga ta cewa an raina mata hankali. Sai rigimar ta tashi sabuwa fil. Daga nan a tara su zaman ƙarshen zango, a jera su a kujeru biyu masu fuskantar juna cikin tufafin da suka fi na biki, Andy Cohen, wanda yake cikin manyan masu shirya shirin, ya zauna a tsakiya da katunan tambayoyi. Zaman ya yi kama da na sulhu a gaban mai unguwa, sai dai wannan mai unguwar albashinsa yana ƙaruwa ne idan sulhun ya wargaje. Ana wuni guda ana ɗauka, a raba shi kashi uku, wani lokaci huɗu, kuma hatta wurin zama magana ce, domin wadda aka ajiye kusa da Cohen ita ce ta ci zangon, wadda aka tura ƙarshen kujera kuma gara ta fara tunanin wata sana'ar.

Babu ƙawancen da zai jure wannan. Mutane suna zama lafiya da juna ne domin ba sa jin kashi tara cikin goma na abin da ake faɗa a kansu, kuma mantuwa tana yi musu aikin da haƙuri ya kasa. Shirin ya cire mantuwa daga lissafi, ya maye gurbinta da faifan bidiyo mai kwanan wata. Shi ya sa matan suke zuwa zaman ƙarshe da hotunan saƙonnin waya da aka buga a takarda, wasu har da fayil mai alamomi kamar lauyoyi, shi ya sa kuma ban-haƙurin da ake yi a wurin yake da fasali guda wanda duk mai kallo ya haddace: idan abin da na faɗa ya ɓata miki rai, ki yi haƙuri. Ita ma wadda aka bai wa haƙurin ta san cewa an mayar da laifin kan ranta da ya ɓaci, saboda haka sai ta karɓa da murmushi, ta ajiye shi don zango mai zuwa.

Me ya sa mai kuɗi za ta yarda da wannan? Albashin farko ba shi ne dalili ba. Bethenny Frankel ta sha faɗa cewa dala 7,250 aka biya ta a zangonta na farko a New York, amma ta yi amfani da shirin ta tallata abin shanta mai suna Skinnygirl, wanda ta sayar wa kamfanin Beam a 2011 a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 100. Tun daga ranar kowace mace take shigowa da haja a jaka. Vanderpump ta tallata gidajen abincinta har ta samu shirinta na kanta, Vanderpump Rules, a 2013. Wasu kuwa hajar ta tsaya a baki: Sonja Morgan ta yi shekaru tana maganar wata na'urar gasa burodi da ba ta taɓa isa kanti ba, Shereé Whitfield ta Atlanta kuma ta shirya bikin baje kolin tufafinta a zangon farko, baƙi suka hallara, tufafin ne kawai ba su samu zuwa ba. Abin da ake sayarwa a gaskiya shi ne sunan matar, kuma sunan yana rataye ne a kan yadda labari ya fito da ita. Idan aka duba ta wannan fuska, rigimar kwikwiya ta daina zama shirme. Abin da ake zargin Vanderpump da shi shi ne cewa tana tsara labari daga bayan fage, ta sa wasu su furta abin da take so a furta, ita kuma ta fito da hannu a wanke, kuma sauran matan sun daɗe suna wannan ƙorafi kafin a haifi kwikwiyar. Da suka haɗa kai suka tsara nasu labarin a kanta, sai ta ga ba za ta iya zama ba, wanzami dai ba ya son jarfa. Ya kamata a faɗa, don adalci, cewa ɗan'uwanta ya rasu a 2018 dab da fara ɗaukar zangon, kuma ba a taɓa tabbatar da cewa ita ce ta kai labarin ba.

Inda abin ya fi ba da dariya, ya kuma fi tayar da hankali, shi ne idan aka ajiye waɗannan ƙananan laifuka gefe da manyan. A zangon farko na Salt Lake City, Jen Shah ta yi makonni tana rigima da Mary Cosby domin Cosby ta ce tana warin asibiti. A watan Maris na 2021, ana cikin ɗaukar zango na biyu, matan suna zaune a mota za su tafi hutu garin Vail na jihar Colorado, aka kira Shah a waya, ta ce mijinta ba shi da lafiya ta sulale, bayan 'yan mintuna jami'an gwamnatin tarayya suka kewaye motar suna nemanta. Tuhumar ita ce damfarar mutane ta waya, akasarinsu tsofaffi, ana sayar musu da ayyukan kasuwanci na bogi. Ta yi fiye da shekara tana rantsuwa a gaban kyamara cewa ba ta da laifi, a watan Yulin 2022 ta amsa laifin, a watan Janairun 2023 aka yanke mata shekara shida da rabi. A duk tsawon wannan lokaci ƙawarta Heather Gay tana gefenta, har ma da ta wayi gari da kumburarren ido a wata tafiya ta ƙi faɗin wanda ya yi mata, sai a farkon 2024 ta ce Shah ce. To a wannan fitowar ta 2024, a tsibirin Bermuda, aka gano cewa sabuwar tauraruwa Monica Garcia tana da hannu a wani shafin Instagram da ya daɗe yana yaɗa tsegumi a kan matan. Nan take Gay ta tara sauran a bakin teku kamar an yi juyin mulki, aka titsiye Garcia a teburin cin abinci, kuma zangonta na farko ya zama na ƙarshe. Wadda ta cuci tsofaffin da ba su sani ba ta samu biyayya har ƙofar kotu, wadda ta taɓa sunansu a intanet ba ta samu ko ta kwana ɗaya ba.

Haka aka yi a Beverly Hills da Erika Girardi. Ta nemi saki daga mijinta, babban lauya Tom Girardi, a watan Nuwamban 2020, ba da jimawa ba aka fara bankaɗo cewa ya cinye kuɗin diyyar mutanen da ya wakilta, ciki har da iyalan waɗanda suka mutu a hatsarin jirgin Lion Air na Indonesiya a 2018. Kotu ta same shi da laifin zamba a 2024. Ita ba a tuhume ta da aikata laifi ba, kuma ta ce ba ta san komai ba, amma an yi ta ja a kan wasu 'yan kunne na lu'ulu'u da aka saya dala dubu 750. A zangon 2021 Sutton Stracke ce ta karanta binciken jaridar Los Angeles Times ta fara yin tambayoyi, kuma abin lura shi ne da aka zauna cin abinci a gidan Kathy Hilton, yayar Kyle Richards, Stracke ce ta sha tsawa, akasarin matan da suka nuna damuwa a bayan ido kuma suka duƙufa kan farantansu. Dokar rukunin, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta, ita ce ƙawa ta gari ba ta ɗaga maganarki a gaban kyamara. Wadda ta kiyaye wannan an yafe mata sauran, wadda ta karya kuma ko gaskiya ta faɗa ta zama maciya amana.

Wannan ma yana bayyana dalilin da ya sa arzikin da ake nunawa yake yawan zama na aro. Shirin yana buƙatar a ga kuɗi, kuma wanda ya fi buƙatar a ga kuɗinsa sau da yawa shi ne wanda nasa yake rawa. A zangon farko na New Jersey an nuna Teresa Giudice tana ƙirga fiye da dala dubu 120 lakadan don sayen kayan ɗaki, a shekarar kuma ita da mijinta suka shigar da takardar karayar arziki. A 2014 aka yanke mata wata 15 a kan zamba, mijin wata 41, daga baya aka mayar da shi Italiya. Bravo ta jira ta har ta fito kafin a ci gaba da shirin, domin ita ce matar da ta kifar da teburin cin abinci a 2009, kuma ba kullum ake samun irinta ba.

Dariyar mai kallo tana fitowa ne daga rashin daidaito tsakanin girman fushi da ƙanƙantar dalili, da kuma tsananin muhimmancin da matan suke bai wa kansu. A 2014 Aviva Drescher ta cire ƙafarta ta roba ta buga a kan tebur a gidan abinci na Le Cirque a New York don ta nuna cewa ita ba ta da wani abu na ƙarya sai wannan ƙafar. A 2015 Lisa Rinna ta Beverly Hills ta fasa kofin gilashi a wani gidan abinci a Amsterdam saboda Kim Richards ta yi habaici a kan mijin Rinna ba tare da ta faɗi komai ba. Mai kallo yana samun daɗi iri biyu a lokaci guda, ya leƙa gidan da ba zai taɓa shiga ba, sannan ya tabbatar wa kansa cewa ya fi mazauna gidan hankali. Sai dai dariyar takan maƙale a maƙogwaro. Hoton nan da ya zagaye duniya a 2019, na wata mata tana kuka tana nuna yatsa an haɗa ta da farar kyanwa a gaban faranti, wanda ba mamaki mai karatu ya taɓa tura wa wani a WhatsApp, Taylor Armstrong ce a zango na biyu na Beverly Hills, kuma rigimar da take kuka a kanta ta shafi dukan da ta ce mijinta yana yi mata, mijin da ya kashe kansa a watan Agustan 2011 kafin a fara nuna zangon. A 2023 Frankel, wadda ta fi kowa cin gajiyar shirin, ta fara kira da a kafa wa taurarin irin waɗannan shirye-shirye ƙungiyar ƙwadago, a 2024 kuma Leah McSweeney, tsohuwar tauraruwar shirin New York, ta kai Bravo da Cohen kotu tana zargin an yi wasa da matsalarta ta shan giya don a samu abin nunawa, zargin da suka musanta.

Akwai rigima guda da kamfanin bai san yadda zai sayar ba, kuma New Jersey ce ta nuna ta. Melissa Gorga, matar ƙanen Giudice, ta shiga shirin a 2011, fitowar farko ta zangon ta buɗe da dambe a wurin liyafar baftismar ɗanta, aka kuma shafe lokaci ana maimaita labarin wani biskit mai ado da ta kai wa Giudice a lokacin Kirsimeti, ita kuma ta zuba a kwandon shara. Fiye da shekara goma suna ɓatawa suna shiryawa, shirin yana ci. A watan Agustan 2022 Giudice ta sake aure, ƙanenta da matarsa ba su je ba, daga nan ihu ya ƙare, gaba ta fara. A zangon 2024 matan biyu suna halartar liyafa ɗaya ba mai kallon wata, sauran kuma suka rabu gida biyu, kowace ta bi uwar ɗakinta, har masu tacewa suka rasa fitowar da za su haɗa su a hoto ɗaya suna magana. A shekarar Bravo ta soke zaman ƙarshen zango da aka saba, ta zaunar da ɓangarorin biyu a ɗakuna daban-daban suka kalli fitowar ƙarshe kowa da mutanensa, sannan ta dakatar da shirin.